Yadda Ake Canjin Jirgi a Babban Filin Jirgin Sama Ba Tare da An Ɓata Ba

Tun da aka fara shirin Umrar azumi saƙonni suke ta shigo mini, daga Ringim, daga Taura, daga Gumel, wasu daga ƙauyukan Ɗambatta da Sumaila, kuma kusan duk maganar ɗaya ce. An yanka wa mutum tikiti, ejan ya ce masa sai an yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha an canza jirgi, shi kuwa bai taɓa wuce Kano ba, Turancin ma bai kai ya kawo ba. Wasu kuma ba su ne za su yi tafiyar ba. Tsohuwarsu ce za ta tafi ita kaɗai, ko ƙanensu ya samu karatu a waje, ko za a kai mara lafiya asibiti a Masar ko Indiya.

Alhazan da ke tafiya ta hannun hukumar alhazai ba su da wannan damuwar, domin jirginsu kai tsaye yake sauka Jidda ko Madina, ga jami'ai tare da su. Wannan bayani na mai bin jirgin kasuwa ne. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, duk girman filin nan abu uku kaɗai kake nema a cikinsa: lambar jirginka, ƙofar da zai tashi, da agogon garin da kake. Wanda ya taɓa kutsawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya fito da abin da ya je nema, filin jirgi ba zai gagare shi ba, don shi komai nasa a rubuce yake.

1. Karanta tikitin tun kana gida

Ka sa ejan ya buga maka tikitin a takarda, kada ka tsaya kan wanda ya turo ta WhatsApp, waya tana iya mutuwa. Ka zauna da wanda ya iya karatun boko ku bi shi layi-layi.

Kowane jirgi yana da lamba, baƙi biyu sannan alƙaluma. ET na Ethiopian Airlines ne, MS na EgyptAir, QR na Qatar Airways, SV na Saudia, TK na Turkish Airlines, EK na Emirates. In za ka canza jirgi sau ɗaya za ka ga lamba biyu. Ta biyun ce za ka yi ta nema a ƙasar mutane, ka rubuta ta da manyan baƙi a wata takarda daban. Garuruwa ma a taƙaice ake rubuta su: KAN Kano, ABV Abuja, ADD Addis Ababa, CAI Alƙahira, DOH Doha, DXB Dubai, IST Istanbul, JED Jidda, MED Madina.

Sai lokaci, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Duk lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta a gefensa ne, ba na Najeriya ba. Habasha da Saudiyya da Qatar da Turkiyya suna gabanmu da awa 2. Dubai tana gabanmu da awa 3. Masar awa 1 ce da sanyi, ta koma awa 2 da zafi. Indiya awa 4 da rabi, Sin awa 7. Kuma lissafin awa 24 ake yi, wato 14:00 ƙarfe biyu ne na rana, 22:00 goma na dare.

Hattara: in an rubuta jirginka zai tashi 00:30 ranar Laraba, to ranar Talata da daddare, wayewar Laraba, za ka kasance a fili. Wanda ya bari sai ranar Laraba da daddare, jirginsa ya yi kwana guda da tafiya.

Ka tambayi ejan tambaya biyu, kada ka ji nauyinsa. Ta farko: awa nawa ne tsakanin saukata da tashin jirgi na biyu? Ga wanda bai saba ba, ko mai tafiya da tsoho ko ƙananan yara, ni dai ba na son abin da ya gaza awa 3. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: tikiti ɗaya ne ko biyu aka haɗa mini? In ɗaya ne, kamfanin ne ke da alhakin kai ka har ƙarshe, kayanka ma su za su juya su zuwa jirgi na biyu. In kuwa tikiti biyu ne daga kamfanoni daban aka harhaɗa don a rage kuɗi, sai ka fita ka ɗauki kayanka ka sake awo, wannan kuwa yana nufin shiga ƙasar, shiga ƙasa kuma sai da biza. In jirgin farko ya makara, na biyun ba ruwansa da kai. Ragin da aka yi maka bai kai wannan haɗarin ba.

Ka duba cewa sunanka a tikiti daidai yake da na fasfo, baƙi da baƙi. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajensu. Ka kuma tabbatar filin da za ka sauka shi ne za ka tashi, don wasu biranen filayensu biyu ne. Istanbul tana da IST da SAW, kuma tsakaninsu akwai tafiya sosai.

In tsohuwa ce ko mara lafiya, a nema mata keken turawa tun wajen yankan tikiti, aƙalla awa 48 kafin tafiya. Kyauta ne. Ma'aikaci zai tare ta a bakin jirgi, ya bi da ita ta wajen bincike, ya kai ta har ƙofar jirgi na biyu. Iyayenmu da yawa sukan ƙi, su ce da ƙafarsu. A lallashe su. Ko da Hajiya tana iya zuwa gona, amfanin keken shi ne ta samu ɗan jagora wanda ya san hanya.

2. Takardu da kuɗi

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6 a jikinsa daga ranar tafiya. In sai an sabunta, tun daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 naira 200,000, kuma ba a ranar ake samu ba, ka fara da wuri. Ka haɗa da biza a buge a takarda, da katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Masu zuwa Umra su yi na sanƙarau ma. Sai adireshin masauki da lambar wanda zai tare ka, a rubuce da biro.

Duk waɗannan su zauna a ƙaramar jakar ratayawa wadda ba ta barin jikinka ko banɗaki za ka shiga. Kada ka sa su a aljihun bayan kujerar jirgi. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka tura wa wani a gida.

Naira ba ta da amfani da zarar jirgi ya ɗaga. Ka yi canjinka a Wapa kafin ranar tafiya, ka roƙi ɗan canjin ya haɗa maka da ƙananan takardu, dala 5, 10, 20, domin in ka miƙa 100 don kofin shayi, canjin kuɗin ƙasarsu za a ba ka. Lissafin ƙasashen Larabawa mai sauƙi ne: dala ɗaya riyal 3.75 ce a Saudiyya, riyal 3.64 a Qatar, dirhami 3.67 a Dubai.

'Yan kasuwa su lura: in kuɗin hannunka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, doka ta ce sai ka bayyana wa kwastan a Najeriya. A Saudiyya iyakar riyal 60,000 ce, har da zinare, a Dubai dirhami 60,000. Bayyanawa ba laifi ba ce. Ɓoyewa ce ke sa a ƙwace.

3. Haɗa kaya

Kaya iri biyu ne, wanda za a auna a sa a cikin jirgi ta ƙasa, da jakar hannu. Yawanci ana ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, ta hannu kuma kilo 7 ko 8, amma abin da ke jikin tikitinka shi ne hujja. Ka auna a sikelin mai sayen hatsi tun a gida. Kilo 46 a ƙunshi ɗaya ba zai wuce ba, sai an raba. Kuɗin ƙarin kilo a fili yana da zafi.

A jakar hannu ka sa maganinka, caja, kaya sawa ɗaya, rigar sanyi, da gorar ruwa wadda ba komai a ciki. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, ba a sa shi a kayan awo. Irin masu 10,000 ko 20,000 ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa suna wucewa. Wuƙa, almakashi, reza, aska, duk su tafi kayan awo.

Abin ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 a kwalba ɗaya. Zuma da man shanu da man shafawa da turare duk ruwa ake lissafa su. Galan ɗin zumar da za ka kai wa ɗan'uwa tsaraba, in yana jakar hannu, a kwandon shara zai ƙare.

Game da abincinmu: kuka da kuɓewa busasshiya da yaji a ɗaure su da kyau a kayan awo. Kilishi da dambun nama ƙasashe da dama, irin su Ingila da Amurka da ƙasashen Turai, ba sa yarda a shiga da su. Goro kuwa hukumar alhazai ta sha gargaɗin kada a kai shi Saudiyya. Garin maganin gargajiya da ke ƙulle a leda ba suna ba takarda, ka bar shi a gida. Kai ka san sassaƙe ne, jami'in can bai sani ba, kuma kafin a gwada a gane, jirginka ya tafi. Maganin asibiti ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Tramadol da maganin tari mai kodin suna iya kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa.

4. Awon kaya a Kano

Mai tasowa daga Haɗejia ko Gwaram ko Maigatari ya shigo Kano tun ana gobe tafiya ya kwana wajen 'yan'uwa. Kada ka ɗora tikitin miliyoyin naira kan motar haya da za ta tsaya jiran fasinja a kowace tasha. Ka isa filin Malam Aminu Kano saura awa 3 zuwa 4, don yawanci ana rufe awo saura awa guda.

A wajen awo za a ba ka katin shiga jirgi. In tikitinka ɗaya ne, ka nemi kati biyu, na jirgin farko da na biyu. Za a naɗa wa kowace jaka doguwar takarda mai zane-zanen layi, a kuma liƙa maka ƙaramar shaidarta a bayan fasfo ko bayan katin. Kada ka bar wajen sai ka duba da idonka. Baƙi ukun da ke jikin takardar su zama na garin da za ka ƙare, misali JED, ba ADD kaɗai ba. Sannan ka ƙirga ƙananan shaidun. In jakarka biyu, shaida biyu. Ka ɗauki hoton jakunkunan a kan sikeli da takardunsu a jiki.

Ba don tsoron ɓata kaɗai na ce haka ba. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya bayan an samu ƙwayoyi a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna jakar ba tata ba ce, wasu ne suka maƙala mata sunanta tun daga fili, kuma sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Saudiyya hukuncin kisa take yi kan safarar ƙwaya.

Saboda haka in wani ya matso ya ce, "Alhaji, don Allah na ga kayanka ba yawa, ga ɗan saƙo ka kai wa ɗana a Makka," amsar ita ce, "Ka yi haƙuri, Malam, ba na karɓar saƙo." Ko tsohuwa ce mai carbi, ko ɗan garinku ne. Mu mutanen karkara kunya ce ke cin mu a nan, kuma masu wannan ta'asa da kunyar tamu suke aiki. Kada kuma ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya bayan kanta ya ce zai yi maka awo.

5. Da jirgi ya sauka a zango

Kafin ka tashi daga kujera ka gyara agogonka zuwa lokacin garin. Ka laluba fasfo da kati na biyu. Wani lokaci za ku fita ta wani dogon rami mai rufi kai tsaye cikin gini, wani lokaci bas ce za ta kwashe ku daga gindin jirgi. Duk ɗaya ne.

Cikin ginin hanya za ta rabu biyu, kuma wannan mararraba ita ce tafiyar gaba ɗaya. Allon da aka rubuta Transfer, ko Transit, ko Connecting Flights, shi ne naka. Wanda aka rubuta Arrivals, ko Baggage Claim, ko Exit, na waɗanda suka iso gida ne. Kada ka bi taro. Mai farar jallabiyar da kuka taso tare daga Kano wataƙila nan ne ƙarshen tafiyarsa. In ka tsinci kanka a layin da ake buga hatimi a fasfo, ka ɓata hanya, koma baya.

Kayanka na awo kada ka neme su a nan. Suna can ƙasa ana juya su.

Wanda ya yi makarantar allo yana da ƙarin taimako a Alƙahira da Doha da Dubai da Jidda, don kowane allo da Larabci a jikinsa. Bawwaba ƙofa ce, mugadara wajen tashi, wusul wajen masu isowa, musalla wajen salla.

In ba a ba ka kati na biyu a Kano ba, ko ya ɓace, ka nemi kantar da aka rubuta Transfer Desk, ka miƙa fasfo da tikiti, za a buga maka wani kyauta. In kuma zamanka mai tsawo ne, a nan ake tambayar masauki. Ethiopian Airlines, alal misali, tana ba da otal ga wanda jiransa ya kama daga awa 8 zuwa 24, in tikiti ɗaya ne kuma babu wani jirgin da ya fi kusa. Ejan ya tabbatar maka da wannan tun daga gida.

Rashin Turanci ba matsala ba ce. Ka nuna katinka ga mai kayan aiki da katin shaida a wuya, zai nuna maka hanya da hannu.

6. Bincike na biyu

Za a sake bincike ko da an yi maka a Kano. Za ka ga tire-tire na roba. Ka zuba waya, agogo, makullai, tsabar kuɗi, zoben azurfa da bel a ciki. Wasu wuraren har takalmi da hula. Kwamfuta a fito da ita daga jaka. Ruwan da ya rage a gorarka ka shanye ko ka zubar. Mai babbar riga ya cire ta tun yana layi, shi ya sa na fi ba da shawarar a yi tafiya da kaftani mara nauyi da takalmi mai sauƙin cirewa.

In ƙofar binciken ta yi ƙara, kada gabanka ya faɗi, lalubawa kaɗai za a yi. Mace, mace ce ke laluba ta, kuma tana da damar neman a shiga da ita ɗakin da ke gefe in za a ɗaga hijabi ko niƙabi. Iyayenmu mata masu ƙulle kuɗi a lalita ko bakin zani a faɗa musu tun a gida za a iya cewa su kwance. Laya ko guru ma na'ura tana nuna su, kuma za a tambaya.

Kafin ka bar wajen ka tsaya ka ƙirga: fasfo, kati, waya, kuɗi. A cikin tiren nan aka fi manta abubuwa.

7. Nemo ƙofarka kafin komai

Kana fitowa daga bincike za ka faɗa cikin shaguna, haske ko'ina, ƙamshin turare, agogo da zinare. Ka wuce su. Ka nemi babban allon talabijin da aka rubuta Departures. Jiragen a jere suke bisa lokacin tashi. Ka nemi lambar jirginka, kada ka tsaya kan sunan gari kaɗai, don ana iya samun jirage biyu ko uku masu zuwa Jidda a dare ɗaya. A gefen lambar za ka ga Gate, wato ƙofa, baƙi ɗaya da alƙalami, kamar C23.

Ka ɗauko katinka ka dube shi da kyau. Akwai lamba a ƙarƙashin Gate, akwai wata a ƙarƙashin Seat. Ta biyun kujerarka ce a cikin jirgi. C23 ƙofa ce, 23C kujera. Mutum yakan yi ta yawo yana neman ƙofar da babu ita saboda wannan. In katin bai nuna ƙofa ba, allon zai nuna in lokaci ya matso. In allo da kati suka saɓa, allo ne mai gaskiya.

Sai ka bi baƙin farko tukuna, ka samu ɓangaren C, sannan ka bi alƙaluma. A Doha ɓangarorin A ne zuwa E, akwai wani ƙaton mutum-mutumin 'yar tsana ruwan ɗorawa a tsakiyar ginin wanda daga nan hanyoyi suke rabuwa, in kun rabu da abokin tafiya nan ne wajen haɗuwa mafi sauƙi. A Dubai, Emirates a Tamina ta 3 take, wato gini na 3 na filin, kuma ƙofofin A sai an shiga ƙaramin jirgin ƙasa, kyauta. Istanbul gini ɗaya ne amma tafiyar ƙafa zuwa ƙofa mai nisa tana iya cin minti 20 ko fiye. A Alƙahira jiragen EgyptAir na Tamina ta 3 ne. Addis ba ta kai waɗannan girma ba, sai dai cunkoso da daddare.

Ka je har bakin ƙofar, ka ga lambar jirginka a ƙaramin allon da ke kanta ko ka tambayi ma'aikaci. Bayan nan ne za ka nemi banɗaki, masallaci da abinci, kana sane da yawan mintunan da za su dawo da kai.

8. Zaman jira

Akwai wajen salla a duk waɗannan filayen, maza daban mata daban, galibi da wajen alwala a haɗe. Ka yi alwalarka a can, kada ka ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu na banɗaki. Buta ba lallai ka samu ba. A ƙasashen Larabawa akwai ƙaramin tiyo a gefen masai, inda babu shi kuma gorar nan da ka zo da ita za ta yi aiki. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminku kafin ka taso, don ka tafi da natsuwa.

Ruwan sha akwai famfo na kyauta a yawancin filayen, ka cika gorarka. Abinci yana da tsada ƙwarai, ka duba farashi kafin ka ce a zuba. Dabino da biskit da soyayyiyar gyaɗa a jakar hannu suna rage asara. Intanet na waifai kyauta ne, wani wajen sai ka sa lambar waya ko ka nuna fasfo a wata na'ura. Da shi za ka kira gida ta WhatsApp, ka kashe datar layinka na Najeriya don kada ta cinye maka kuɗi.

Addis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyinta da daddare ba wasa ba, ga na'urar sanyaya ɗaki a sauran filayen. Nan rigar sanyin za ta yi rana. Wani abu kuma game da Habasha: mutanen gari daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu. In za ka duba lokaci, ka dubi agogon allo.

Masu Umra da za su sauka Jidda su wuce Makka, a nan ya fi dacewa su yi wanka ko alwala su ɗaura harami, domin jirgi a sama zai ratsa miƙati, kuma banɗakin jirgi ƙunci gare shi. Mai tasowa daga Addis ta wajen Yalamlam zai bi, daga Alƙahira ta Juhfa, daga Doha ko Dubai ta Ƙarnul Manazil. To haramin ya kasance a jakar hannu. In yana cikin kayan awo ba za ka gan shi ba sai Jidda. Wanda zai fara da Madina ba ya buƙatar wannan, sai ya zo Zul Hulaifa.

In barci zai ɗauke ka, ka yi shi a kusa da ƙofarka, ka sa ƙararrawar waya, jakar ratayawa a ƙarƙashin riga. Kada ka dogara da lasifika, filaye da dama sun rage kiran suna. Kada ka bar jaka ita kaɗai ka tafi, jami'an tsaro ɗauke ta suke yi. Kada kuma ka karɓi ajiyar jakar wanda ba ka sani ba. Duk bayan ɗan lokaci ka leƙa allo, ana canza ƙofa ba tare da an neme ka ba.

9. Shiga jirgi na biyu

Lokaci biyu ne a katinka. Wanda ke ƙarƙashin Boarding shi ne naka, lokacin fara shiga ke nan. Lokacin tashi na matuƙi ne. Qatar Airways da Emirates suna rufe ƙofa saura minti 20, kuma in an rufe, ko kana hango jirgin ta gilashi ba za a buɗe ba. Ka kasance a wajen saura awa guda. Wasu ƙofofin suna da nasu binciken da duba biza. Kafin ka miƙa kati ka sake kallon sunan garin da ke kan allon ƙofar.

10. In jirgin ya tafi ya bar ka

Kada ka fita daga ginin, kada ka bi wani da ya ce zai samo maka tikiti. Ka koma Transfer Desk na kamfanin da ya kawo ka. In jirginsu na farko ne ya makara kuma tikiti ɗaya ne, za su sa ka a jirgi na gaba ba tare da ka biya ba, galibi da takardar cin abinci, in kwana ya kama har da masauki. In kai ne ka makara, akwai yiwuwar biyan tara ko sabon tikiti, a nan ne guzurin dalar nan da lambar ejan za su yi amfani. Ka nuna shaidar kayanka don a juya su zuwa sabon jirgin, sannan ka sanar da mai jiranka.

11. Isa garin ƙarshe

Yanzu Arrivals ne naka. Layin baƙi za ka bi a wajen jami'an shige da fice. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsu, ana iya tambayar inda za ka sauka da ranar komawa, ka miƙa takardun kawai. Kada ka ɗauki hoto a wannan wajen.

Daga nan ka dubi allo, zai nuna lambar injin da ke zagayo da kayan jirginku. Baƙaƙen jakunkuna da buhunan Gana-mas-go kama suke da juna, ka ɗaura wa naka ƙyalle mai launi tun a gida, kuma ka gwada lambar jikin jaka da ta shaidarka kafin ka ɗauka. In jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kada ka bar zauren sai ka je ofishin kayan da suka ɓata, ka nuna shaidar da hoton da ka ɗauka a Kano, a cike takarda a ba ka lambar bibiya. Ƙa'idar jiragen ƙasa da ƙasa ta ba da kwana 7 don kai ƙarar jakar da ta lalace, kwana 21 ga wadda ta makara.

A wajen kwastan, hanya mai launin kore ta wanda ba shi da abin bayyanawa ce, ja ta mai kuɗi ko haja da suka haura iyaka. Da ka fita ba a komawa ciki. In ba ka ga mai tarbarka ba, ka tsaya a cikin zauren inda waifai ke kamawa ka kira shi, mota kuma ka ɗauka a layin tasi na fili, inda akwai ma'aikaci mai rubuta lamba.